Sawun Hagu a Kan Farin Tayil

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mai gidanki da yaran. Ki shafa mini kan ƙaramin. Babban kuma ki ja masa kunne, na ji an ce ya fara raina lissafi.

Kin ce me ya sa ba na ɗaga waya. Ina ɗagawa in na ga dama. Abin da ba na so shi ne muryar nan da kike yi mini tun da mahaifiyarki ta rasu, irin wadda ake yi wa mai jinya a bakin gado. A takarda ba na jin ta. Don haka ki yi haƙuri da takarda.

Tunda Gwaggonki ta riga ta kai miki gulmar cewa ina ɗingishi, bari in faɗa miki da kaina kafin ta ƙara gishiri. Diddigen hagu ne. Da asuba, in na sauko da ƙafa daga gado na ɗora ta a ƙasa, sai in ji kamar an kafa ƙusa a siminti, an juyo tsininta sama, an ce mini bismilla. Da bango nake dafawa har banɗaki. In na ɗan taka sai ya lafa. In na zauna na sha shayi na miƙe, sai ya dawo sabo fil, kamar ba mu taɓa haɗuwa ba.

Ki duba abin takaici. Ƙafar nan ce ta yi rabin rayuwata tana taka daji da dutse da fadama lokacin ina safiyo, na'urar awo a kafaɗa. Titunan da mutane ke sheƙa gudu a kai yau, ni na fara bin su da ƙafa ba komai a wurin sai ƙaya. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Sai yanzu, a kan tayil mai sheƙi, a bakin ƙofar kantin firji da talabijin, ta ga damar yin yaji. Mutumin da ya karanta awon ƙasa har ya koyar da shi, yau aikinsa ya dubi rasit, ya dubi kwali, ya ce a sauka lafiya. To, an sauka.

Dokar mai tsaron ƙofa a wurinmu ba ta da yawa: farar riga da laktaye, baƙin takalmi, da tsayuwa. Kujera babu. Sabon manajan, yaron da na tabbata ban bar aikin daji ba tukuna lokacin da aka yaye shi, ya same ni na jingina da bango. Ya ce, "Baba, lafiya dai?" Na ce tunani nake yi. Ya ce, "Ƙofa ita ce fuskar kanti, Baba. In na sake ganin fuskar ta karkace, sai mu zauna mu yi magana." Na san irin zaman. Dattijon da na gada a ƙofar nan takardar likita ya kawo musu kan ciwon baya. Suka yi masa godiya, suka ba shi agogon bango, suka raka shi har titi. Saboda haka ba wanda zai ji maganar diddige daga bakina a kantin nan.

Na san abin da ke kan harshenki: ɗakin bayan kicin ɗinku, inda keken ɗinkinki yake. Kada ki fara. Ɗakina ɗaya ne, tagarsa tana kallon bangon maƙwabci, famfonsa yana tari kafin ya kawo ruwa, amma mukullinsa a aljihuna yake. Ranar da na rasa ƙofar nan na rasa shi. Ba zan zauna a gidan suruki ina sauraren takunsa kafin in buɗe firji ba, ko da kuwa mutumin kirki ne. Kuma shi ne ma abin haushin, mutumin kirki ne.

Ki gaida kowa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Babana,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, Baba, da fatan ka tashi lafiya. Mai gidan yana gaisuwa, yara suna ta tambayar Kaka. Na ja kunnen babban kamar yadda ka ce, ya ce ai kai ma ka taɓa gaya masa rabin lissafin duniya ƙarya ne.

Na karanta wa likitar ƙafa ta asibitinmu abin da ka rubuta, ban da wurin suruki. Tun ban kai ƙarshe ba ta gane. Ta ce akwai wata faffaɗar jijiya da ta taso daga diddige ta bi tafin ƙafa har gindin yatsu. Doguwar tsayuwa a kan ƙasa mai tauri ce ke gajiyar da ita. In ka kwanta sai ta takure, in ka taka da safe sai ta miƙe da ƙarfi, shi ne ƙusar da kake ji. Ta ce yana warkewa, amma da nawa, kuma ba ya son taurin kai. Wannan na ƙarshen ni na ƙara.

Ga abin da ta ce. Kafin ka sauko daga gado, ka rataya tawul a tafin ƙafar ka jawo yatsun wajenka a hankali, har ka ji bayan ƙwaurinka ya miƙe. In ka dawo daga aiki, ka sa gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙasa ka riƙa murza ta da tafin ƙafa. Kada ka ƙara taka siminti ba takalmi, ko zuwa banɗaki ne. Kuma ta ce in abin bai sassauta ba dole a gan ka ido da ido.

Sai ta tambaye ni wane irin takalmi kake sawa. Baba, ai ba sai na tambaye ka ba. Na san waɗanne ne. Baƙaƙen nan sau-ciki da ka saya ranar da aka ba ka shugabancin sashe, waɗanda nake zama a gefenka ina riƙe maka buroshi kana goge su. An sake musu ƙasa sau nawa? Ƙasansu ya zama katako, cikinsu kuma ya lotsa. Ta ce kana buƙatar mai laushin diddige, mai tudu a tsakiya da zai tallafi tafin ƙafa, wanda ba ya lanƙwashewa kamar silifas. A nan akwai shagon da ke sayar da irinsu. Ka ɗora ƙafarka a kan takarda ka zana mini ita, da yamma, kana tsaye.

Maganar ɗaki kuma, ban ce komai ba. Na dai fitar da keken ɗinkin na sa labule, don yana buƙatar labule dama.

Ka huta lafiya, Baba.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga zanen ƙafar. Na yi shi a kan takardar awo da ta rage mini, na sa ma'auni a gefe da kibiyar arewa, don kada mai shagon ya ce bai gane inda ƙafar ta dosa ba. Wannan ne filin ƙarshe da zan auna a duniya, kuma shi kaɗai ne ba wanda zai ƙwace.

Tawul ina yi. Da asuba ina kwance ina jan ƙafata kamar mai jan jaki daga rijiya. Ba zan ce ya yi amfani ba. Zan dai ce jiya na kai banɗaki ban dafa bango ba, amma wataƙila mantawa na yi. Gorar ƙanƙara kuma a firizar matar mai gidan haya nake sakawa, yanzu duk gidan sun san ina da ciwo. Kowa ya zama likita. Mai gyaran babur ya ce in taka garwashi. Matarsa ta ce ƙashi ne ya tsiro, sai an fasa an cire. Wani ya kawo mini man shafawa mai warin da ya kori sauro daga ɗakin, wannan kam na gode masa.

Takalmana kuma ki bar su. Ba katako ba ne, fata ce ta gaske, irin wadda ba a yi yanzu. Ke ba ki sani ba, amma in na tsaya a ƙofar nan, mutane ba sa kallon fuskata. Rasit suke miƙo mini suna kallon wayarsu. Wani lokaci dai idon wani dattijo yakan sauka ƙasa, ya ga takalman, ya ɗago ya sake dubana, ya ce, "Ranka ya daɗe." Shi ke nan abin da ya rage. Kina so in musanya shi da soso.

Ban iya zama ba kwanakin nan. In na zauna ina tsoron tashi, in na tsaya ina neman wurin zama. A wurin aiki na koyi dabara: in ɗora nauyina a kan dama, in ɗan ɗaga diddigen hagu yadda wando zai rufe. Yanzu gwiwar dama ta fara gunaguni ita ma. Manaja ya wuce sau da yawa yana kallona ta gefen ido, ni kuma ina miƙe kamar sandar tuta.

Wa ya ce ki sa labule? Ɗakin keke ba ya buƙatar labule.

Allah ya yi albarka.

Mahaifinki.

*

Uwata,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso. Na buɗe kwalin a gaban Gwaggonki, abin da ba zan yafe wa kaina ba, don sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Wane laifi na yi miki? Takalmi kore shar, kalar ɗanyen lemun tsami, ƙasansa fari tas, da wani zane a gefe mai walƙiya in haske ya taɓa shi. Na ga 'yar takardar da mai gidanki ya saka, cewa irin wannan kaɗai ya rage a girman ƙafata, baƙin sai an yi odarsa. Na gode masa. Ki ce masa in ya ga ana neman wanda zai tsaya a mararraba ya ba motoci hannu, ina da kayan aiki.

To. Bayan ta tafi na rufe ƙofa na saka.

Ban san yadda zan faɗa miki ba tare da kin yi murna ba. Na taka daga gado zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Ƙusar tana nan, amma kamar an ɗora mata matashi. Tudun nan na tsakiya ya riƙe tafin ƙafar kamar hannu. Na fita har bakin titi na dawo ba dalili. Na yi ta zagaya ɗakin ina jin haushin cewa wani abu mai kama da abin wasan yara ya fi takalmin shugaban sashe sanin ƙafata.

Washegari na koma cikin baƙaƙen don zuwa aiki, sai na ji bambancin da da ban sani ba. Kin ɓata ni. Kafin azahar zufa ta jiƙa mini riga, ba don zafin rana ba. Kuma manaja ya ce daga makon gobe manya za su riƙa zagayo duba kanti ba sanarwa.

Kore ba ya shiga ƙofar nan, baƙin da nake da shi kuma ba zai kai ni ƙarshen wata ba. Odar da mai gidanki ke magana ban san ranar zuwanta ba. Amma ni ba yau na fara gyara abin da aka kawo mini a karkace ba. Akwai mai sayar da kayan gyaran takalma a bayan tasha. Kada ki damu, na san abin da nake yi.

Ki gaida yaran.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na kira ba ka ɗaga ba, na rubuto ba amsa. Duk lokacin da ka ce ka san abin da kake yi, gabana faɗuwa yake. Haka ka ce ranar da ka gyara mana fanka ta koma juyawa baya.

Me ka yi wa takalmin? Baƙin yana hanya, don Allah ka jira. In ba za ka rubuto ba zan tambayi Gwaggo, kuma ka san ba ta rage komai.

'Yarka, da ke cikin damuwa.

*

'Yata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida mai gidanki da 'yan jikokina. Wannan Gwaggonki ce. Ki yi haƙuri da rubutun, tabarauna ya karye, da na maƙwabciya nake yi.

Kwantar da hankalinki, Yaya yana nan da ransa, bakinsa ma ya fi da kaifi. Abin da ya faru a gabana ya faru, don ranar na je kantin nasu sayen dutsen guga.

Ubanki rini ya sayo, na fata, baƙi wuluk, ya zauna ya shafe takalmin nan kaf, har farin ƙasan. Da ya bushe ya bi shi da man takalmi ya goge da buroshi, yadda ya saba yi wa tsofaffin. Shi a duniyarsa duk abin da ake kira takalmi da mai da buroshi ake bi da shi. Ya manta wannan yadi ne da soso. Gaskiya da ya nuna mini a ɗaki ya yi kyau, daga nesa sai ki ce na gaske.

Ranar da zai sa shi zuwa aiki, aka kwana ana ruwa. Daga inda mota ta sauke shi zuwa kanti duk kududdufi ne. Takalmi ya sha ruwa ya ƙoshi. Ni ina tsaye wajen kayan guga sai na ji mai goge ƙasa ta yi salati. Na juya. 'Yata, tun daga ƙofar ma'aikata ta baya, ta tsakiyar firji da injin wanki, har ƙofar gaba, sawu ne baƙaƙe a jere a kan farin tayil, kamar an buga hatimi. A ƙarshensu ga Yaya a tsaye ƙyam da laktayensa, hannu a baya, baƙin ruwa yana taruwa a ƙarƙashinsa, shi bai ma sani ba. Yana ce wa wata mata a sauka lafiya.

Sai ga manaja ya fito. Bai yi faɗa ba. Ya bi sawun nan a hankali kansa a ƙasa, ya tsuguna, ya tashi, ya ƙara gaba, ya sake tsugunawa. Ni ma sai na duba, na ga abin da ya gani. Sawun dama cikakke ne, daga yatsu har diddige. Na hagu kuwa rabi ne, gaba kawai. Duk tsawon kantin, ko sau ɗaya diddigen hagu bai taɓa ƙasa ba.

Ya iso gabansa ya ce, "Baba, wannan na dama ne, na gane. Na hagun, ina diddigensa?"

Yaya ya sunkuya ya ga ɓarnar. Wallahi na ga kunnensa ya motsa. Ya daɗe yana kallon layin nan, kin san mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta ƙasa. Sai ya ce, "Ya ɗauki hutu. Shi ba ya cikin dokar ƙofa."

Yaron ya ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun kafin a ba ka kujerar da kake zama."

Na ce a raina shi ke nan, Yaya, ka jawo mana agogon bango. Na matsa na ce, "Ɗana, yayana ne, ka yi haƙuri, tun yana yaro haka bakinsa yake." Yaya ya ce, "Ke kuma wa ya kira ki? Je ki sayi gugarki."

Suka shiga ofis, ni ina waje ina taya baiwar Allahn nan mai goge ƙasa da tsumma. Da Yaya ya fito, sai a mota ya ba ni labari. An cire shi daga ƙofar gaba, wannan ba gyara. Amma yaron ya ce akwai ƙofar baya, wajen sito, inda manyan motoci ke sauke kaya. Ana son mai duba kwalaye. Akwai doguwar kujera, in ya so ya zauna, in ya so ya zagaya. Babu farar riga, babu laktaye, ko takalmin jan ƙarfe ya saka ba mai kallo. Ba masu sayayya, ba dattawan da za su ce ranka ya daɗe. Leburori ne da direbobi da hayaƙi. Yaron ya ce masa ya je ya yi tunani zuwa farkon mako.

Tun ranar Yaya bai zauna ba. Ya ɗauko akwati ya zuba kaya ya ce gidanki zai tafi, gara ɗakin keke da a mai da shi mai gadin kwali. Ya zazzage ya ce gara kwali da firjin suruki. Ya sake zubawa. Yana ta safa da marwa daga taga zuwa ƙofa, cikin takalmin naki fa, wanda yanzu ba kore ba ne ba baƙi ba, wata kala ce kamar ruwan kwata. Na ce, "Yaya, ka lura kana ta tafiya ba ka dafa komai ba?" Ya ce in fita masa daga ɗaki.

Na fita. Amma tsofaffin baƙaƙen suna kan tebur ya goge su suna ƙyalli, na ga yana satar kallonsu, na san in aka bar shi da su zai saka ya koma ya roƙi ƙofar gaba. Sai na zura su a jakata. In ya tambaye ki, ba ki sani ba.

Ban san wanne zai zaɓa ba. Kada ki zo, kada ki turo mota. Ki dai bar wayarki a kunne.

Allah ya raya mana ku.

Gwaggonki.

*

Uwata,

Gaisuwa. Ina lafiya.

Ƙofar baya tana da hayaniya, kuma wanda ya zuba simintin filin bai san aikinsa ba. Gangaren ya karkata wajen sito, duk ruwan sama ciki zai shiga. Na faɗa musu. Ba wanda ya saurara, kamar kullum. Direbobi suna kirana Baba Mai Kwata saboda takalmin. Kujerar ba laifi.

Yau da asuba na sauko daga gado, na kai har bakin famfo kafin in tuna da ƙusar. Tana nan. Ta dai makara.

Baƙin da kuka yi oda, in ya zo ki aiko, amma ba gaggawa. Ki cire labulen nan ki mayar da kekenki inda yake.

Kuma ki gaya wa ɓarauniyar Gwaggonki ta dawo mini da takalmana. Ba sawa zan yi ba. Gogewa kawai.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.